Kwana Goma Sha Tara a Aljihu

Jos, Laraba, 6 ga Oktoba, 2004

Zuwa ga Kausar, sanyin idona, inuwar gawo a tsakiyar rani, ruwan sabuwar randa ga wanda ya taso daga rana, ƙamshin ƙasa bayan yayyafin farko, wadda sunanta kaɗai ke ɗumama ni a garin nan da ko a damina sai mutum ya nemi bargo. Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna, ina gaishe da duk wanda ya kwana a gidanku, har da Yaya Bala, ko da yake na san shi ba zai amsa ba.

Kin ga na dawo ga biro da takarda. Babu ɗigo, babu sanda, rubutun hannuna ne mai karkata kamar kara bayan iska. Zan ba Datong, direban da ke ɗaukar mana gishiri, gobe yana da lodi zuwa Gusau, kuma na ce ya kai miki makaranta hannu da hannu, kada ya bi ta gida. Dalilin wasiƙar ɗaya ne, gara in faɗe shi tun kafin kalaman soyayya su lulluɓe shi: saƙonki na ranar sha shida ga Satumba, jiya na san abin da ke cikinsa. Jiya, Kausar! Kwana goma sha tara yana aljihuna ban karanta ba. Na san kin ɗauka shirun nan amsa ce. Ba amsa ba ce, wauta ce, kuma tawa ce.

Kin tuna yadda muka fara wannan wasa? Ƙaramar Sallar bara ce, da na zo gida na kwana huɗu. Muka shiga shagon intanet ɗin nan na bayan kasuwa, ke da shuɗin hijabi, ni da sabuwar hular da ta matse mini kai. Kika ce mini Yaya Bala ne ya buɗe miki imel, shi ke riƙe da lambar sirri, yana karanta duk abin da na aiko kafin ki gani. Wayar gidan kuma ɗaya ce, tana aljihunsa. Sai kika nuna mini shafin da wata malama 'yar'uwarki ta koya miki: akwati a sama, akwati a ƙasa, maɓalli a tsakani. Kika ce rubutun tangaraho ne na mutanen da, ana kiransa Mos. Kika rubuta sunana da yatsa ɗaya a akwatin sama, kika danna, sai ga shi ya zube a ƙasa, ɗigo-ɗigo da 'yan sanduna. Kika rufe baki kina dariya, kika ce, "Malam Sharafa, ga ka nan, ka zama gero da shinkafa." Kika kwashe su kika mayar sama, kika sake dannawa, na dawo mutum. Wallahi ban taɓa ganin fuska ta haska haka ba, kamar wata ya leƙo ta tsakanin rassan kuka. Na dube ki na ce a raina, wadda ta iya rushe ni ta sake gina ni da yatsa ɗaya, ina zan je in tsere mata?

Daga nan sai muka zama masu sirri. Yaya Bala ya buɗe imel ɗinki ya ga ɗigo cike da shafi, ya ce cuta ce ta kama kwamfuta, har ya yi wa mai shago faɗa. Ni kuma a nan, duk Alhamis in na gama da fatu sai in wanke hannu har sau uku, in hau acaɓa zuwa Tina Junction, shagon wata Ngozika. Wankin banza ne, don wanda ya yini yana barbaɗa wa ɗanyar fata gishiri a mayankar Abattoir ba sabulun da zai rufa masa asiri. Da na shiga sai na kusa da ni ya ja kujerarsa. Ita kuwa Ngozika in ta leƙo allona sai ta ce, "Oga Fata, kaza ya sake taka maka wasiƙa?" In yi murmushi, in buɗe shafin nan, in zauna ina jiran ya gama buɗewa kamar mai jiran tukunya a kan ɗanyen itace. Sai in kwafa, in manna, in danna. Sai ki fito! Muryarki, zolayarki, labarin 'yan ajinki, yadda kike ja mini "Malam" in kina fushi. Wane irin abu ne wannan, a ce injin da bai san ki ba shi ke miƙo mini ke?

Amma ni mai awon fata ne, idona ya saba da tsawo da faɗi. Tun kafin in danna nakan san lafiyar zuciyarki daga yawan ɗigon. A watannin farko shafi uku kike cikawa, kamar an zubar da buhu. Bayan an sa dokar ta-ɓaci a jihar nan sai ya koma biyu. Da na rubuto na ce ki yarda a ɗaura, ki tare a nan Dilimi inda na kama ɗaki biyu, sai kika yi mako uku shiru. Ban ga laifinki ba. Kin ji abin da kowa ya ji a rediyo, Inna ta ji, kuma ba zan ce miki ƙarya suke ba. Garin nan yana da kyau, Kausar. Duwatsu a ɗore kan juna kamar wani ya jera su ya manta, hazo yana sauka a kansu da safe kamar mayafi, ga dankali, ga tumatir, ga mutanen da suka riƙe ni da amana, Musulmi da Kirista. Amma gari ne da mutum ke fita da safe yana lura da wace hanya zai bi ya dawo. Wa zai ɗauko kurciya daga reshen da ta sani ya ce ta kwana a nan?

Ranar da saƙon ya iso, shafin juyawar ya ƙi buɗewa. Na danna, na sake dannawa, lokacina yana ƙarewa, wani ɗan makaranta... a'a, wani magidanci ne da takardun neman aiki yana tsaye a kaina yana tsaki. Sai na ce wa Ngozika ta buga mini shi a takarda yadda yake. Da ta miƙo mini na ga tsawonsa. Layi shida. Ko rabin shafi bai kai ba.

A nan ne zan faɗi gaskiyar da ba ta yi mini daɗi. Shagon intanet bai ƙare a Jos ba, kuma shafin ya gyaru tun washegari. Ni ne ban koma ba. Na ce a raina, mace ba ta amsa "na yarda" a layi shida bayan mako uku, da farin ciki ne da ya fi haka surutu. Na ninke takardar na sa a aljihun gaba. Muddin tana ɗigo, ba ki ce komai ba. Muddin ban danna ba, ke tawa ce. Haka na yi ta yawo da ke a ƙirji, rufe, kamar mai ɗauke da ƙwai bai san ko ya lalace ba, yana tsoron fasawa. Namiji ɗan shekara talatin da huɗu! Wanda ke sa hannu cikin abin da kowa ke toshe wa hanci, shi ne takarda ta kora.

Jiya da hantsi ruwa ya dake ni tsakanin mayanka da sitonmu. Na cire riga, na shimfiɗa takardar a kan buhun gishiri don ta sha iska. Akwai wani dattijo da ke mana gadin sito da rana, Baba Chuwang, mutumin Bukur, shekara biyu muna tare ban taɓa jin ya yi magana ta wuce gaisuwa da ƙorafin gwiwa ba. Na juyo sai na gan shi tsugune a kanta. Ya jawo gwangwanin da yake shan shayi, ya kifa shi, yana bin layi da ɗan yatsan hagu, yana ƙwanƙwasa gwangwanin da farcen dama, kansa a karkace yana saurare. Na ce, Baba, me kake yi? Ya ce, "Oga Sharafa, yi shiru, mutum yana magana." Ashe shekara ashirin da bakwai ya yi a reluwe yana buga wayar tangaraho tsakanin tasha da tasha. Ya ce shi da ido ba ya ganewa sosai, sai ya ji da kunne.

Na ce masa sirri ne. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Sirri? Wannan sirri duk tsofaffin reluwe da na kamfanin kuza sun sani. Kun ɗauki mabuɗin kakanku kun ce sabon kwaɗo ne." Na rasa inda zan sa fuskata. Wata goma muna taƙama mun ɓoye wa duniya, ashe a gaban masu abin muke raɗa.

Ya ce a aikinsu an rantsar da su ba sa faɗin wayar wani, amma kuma ba a yarda waya ta kwana a tasha ba. Ya tambaye ni yaushe ta zo. Da na faɗa masa sai ya ajiye gwangwanin. "Kwana sha tara? Da a reluwe ne, da jirgi biyu sun yi karo." Bai sake neman izinina ba. Ya ɗauki guntun gawayi, yana ƙwanƙwasawa yana rubuta harafi ɗaya-ɗaya a bayan buhu, ni ina tsaye babu riga ina kallon maganarki tana fitowa daga hannun wani tsoho. Kika ce ba za ki iya zama a Jos ba, kin gwada zuciyarki ta ƙi. Kika ce Malam Abdulfatah na makarantarku ya aiko manyansa, kin roƙi Inna ta dakatar da su har a ga watan azumi. Kika ce in ina son ki in dawo gida gaba ɗaya kafin ranar, in kuwa ba ki gan ni ba, za ki amsa musu. Baba ya karkaɗe hannunsa ya ce, "Wannan mata yana da gaskiya. Saura kwana tara. Sa riga."

Zan ɓoye miki cewa raina ya ɓaci? Ya ɓaci. Maganar da za ta raba rayuwar mutum biyu, kika zuba ta a cikin abin wasanmu, kika bar wa inji ya faɗa mini. Shekara uku ina shaƙar abin da nake shaƙa, hannuna ya tsage kamar bakin tafki a watan bazara, don in tara abin da zan zaunar da ke, sai ga shi a layi shida an ce in bar shi. Amma da na kwana na tashi sai na auna da ma'aunin da nake auna wa wasu. Shekara ukun nan ke ma kin yi su. Kin ga ƙannenki biyu sun tare kina musu guɗa. Ba ki yi mini ƙarya ba, ba ki bari na ji a bakin mutane ba, kin ba ni wata guda cur, ni na cinye kwana goma sha tara a aljihu. Shi ma Abdulfatah na san shi tun muna yara. Mutumin kirki ne, yana da albashi, yana warin alli da turare. Ba zan ɓata shi don in gyara kaina ba.

To ga amsata, ya hasken da nake gani in na rufe ido, ya iskar da ke kaɗawa kafin ruwa ya sauko. Yau da safe na buga wa maigidana waya a Kano na ce ya aiko wanda zai karɓi sito. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya ce in na tafi kada in sa ran wurin zai jira ni, na ce na sani. Motar fatu za ta tashi ranar Asabar, zan bi ta in damƙa masa kayansa da mabuɗinsa, don ba zan gudu in bar amanar mutum a ƙasa ba ko don ke. Daga Kano sai Gusau. In Allah ya yarda ranar Litinin bayan la'asar ina zauren gidanku.

Sai dai ki buɗe ido ki dubi abin da zai shigo zauren. Mutum ne da jaka ɗaya, ba aiki, ba shago, sai sanin fata da hannu biyu masu kaushi. Ba na so ki karɓe ni don tausayi, ko don kin ji na bar wurina saboda ke. Wannan shawarata ce, ni na yanke, kuma ba na ɗora miki nauyinta. In kwanakin shiruna sun riga sun juya zuciyarki, in kin riga kin ba Inna wata amsa, hakkinki ne. Abu ɗaya nake roƙo: ki fito da kanki ki faɗa mini da bakinki, da Hausar da kowa ke ji, ko da Yaya Bala yana zaune a wurin yana kaɗa ƙafa. In alheri ne ya ji, in akasin haka ne ma ya ji. Na gaji da ɓuya.

In kika ce to, za mu fara daga tabarma. In kika ce a'a, zan gaishe da Inna, in yi miki addu'a, in tashi in tafi gidanmu, kuma ba za ki taɓa jin wata magana mara daɗi ta fito daga wajena ba. Ko ta wace hanya, ba Jos zan koma ba, kuma zuciyar nan ba ta da wata mai ita bayan ke, ba ta kuma neman wata.

Ni ne naki, yau da ranar Litinin da duk ranar da ta biyo baya, har a mayar da ni ƙasa,

Sharafaddeen