Alhaji na so in rataye takardun 'yata in ci gaba da zama Sarkin Sefti

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin ka ɓoye sunana, ko da yake na san 'yan Madadi daga layi na biyu za su gane bakina. Don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake, kuma rabin fushin da kaina nake yi.

Ni dattijo ne, bokona a aji uku ya tsaya, shi ma malamin ne ya gaji da ni, ba ni na gaji da shi ba. Ina da 'ya, sunan mahaifiyata gare ta, Uwani nake ce mata. Mijinta ya rasu ta dawo gida da marayu, ba ta zauna kuka ba, ta koma makaranta ta yi difiloma a kan tsaftar muhalli, irin karatun duba-gari, ta ƙara da wani kwas na kiyaye haɗari a wurin aiki, mataki-mataki har ta gama. Duk a wannan tsadar da kwanon masara ya fi ƙarfin mutum.

To akwai wani injin gyaran shinkafa wajen Garo, mai shi Alhaji ne da muka yi kiwon awaki tare muna yara. Masu sayen shinkafarsa daga Kano suka ce sai ya ɗauki mai kula da lafiyar ma'aikata, in ba haka ba su daina saye. Ya sa aka ce ana neman mataimakin sefti ofisa, wato mai kiyaye haɗari a wurin aiki, mai difiloma. Ni da ƙafata na kai masa takardun Uwani ina washe baki. Ya juya su, ya yaba, sai ya ce shi ba zai sa mace matashiya cikin ƙartin da ke aiki ba riga ba, me gari zai ce, me Hisba za ta ce. Na ce da hijabinta za ta zo, kuma a asibiti ma mata na aiki. Ya ce asibiti daban. Amma wai gidanmu ba zai rasa ba, tunda muƙami ne, babba a gida ake ba, ni zai ba. Na ce Alhaji ni me na sani? Ya ce sefti ai tsawa ce, kuma daga Gwarzo har Kabo wa ya kai ni baki.

Jama'a na karɓa. Na ce a raina albashin ai tukunya ɗaya zai shiga.

Aka ba ni hular kwano rawaya da 'yar riga mai ƙyalli. Ranar farko masu dako suka naɗa min rawani a kan hular, suka zube suna ran Sarkin Sefti ya daɗe. Ni kuwa abin ya yi min daɗi, ba zan ɓoye ba, har na naɗa Galadima da Madaki. Ina yawo da dorina ina wa mutane tsawa su daina barci kan buhu. Da na ba Uwani labari ba ta yi dariya ba, ta ce Baba waɗannan muƙaman kowanne da karatunsa, akwai sefti ofisa, shi sai mai babbar difiloma ko digiri da ya taɓa aiki, akwai mataimakinsa wanda shi ne irin nata, akwai mai kula da gobara, akwai mai taimakon gaggawa, har su ma sai an horar da su an ba su shaida. Na ce to ni wanne ne a ciki? Ta sunkuyar da kai ta ce abincina na hucewa.

Makon da ya wuce bututun tukunyar da ake turara shinkafa ya ɓalle, tururi ya ƙona Malam Sani mai kula da ita daga hannu har kafaɗa. Magidanci ne mai iyali. Kowa ya juyo yana kallon sarki. Ni kuwa na yi abin da na ga ana yi tun ina yaro, na sa aka kawo baƙin man inji na lafta masa, na ɗaure da tsumma. A asibiti nas ɗin ta tambaya wane mara imani ne ya yi wannan, sai da suka kankare man kafin su ga ciwon, bawan Allah yana ihu ina ji daga baranda. Galadimana da kansa ya nuna ni da baki. Da na koma gida Uwani ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce Baba ruwa ne kawai, ruwa mai sanyi a yi ta zubawa. Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, labari ya kai Kano, an ce za a turo masu dubawa. Alhaji ya kira ni ofis ya ce in kawo takardun Uwani a sa a gilashi a rataye a bango, tunda sunana ne a ƙarshen sunanta, takardar gida ce. In sun yi tambaya da Turanci in ce maƙogwaro na ciwo, manaja zai amsa. Nan na manta da kiwon awakin da muka yi, na ce masa ya ji tsoron Allah, mace a cikin maza haramun ce a wurinsa amma ƙarya da takardarta halal ce? Na ce Shari'ar tasa a kan hijabi ta tsaya, ba ta kai hannun Malam Sani ba? Ya ce in na ƙi, zai ɗauko yaro daga Kano, ni da 'yata duk mu sha iska.

A gida kuma uwar yara ta tasa ni gaba, wai na tsufa ban yi hankali ba, wai gaskiyar tawa za mu dafa mu ci, wa zai ciyar da marayun nan. Kuma ba ƙarya ta yi ba, albashin nan shi ne riƙe da gidan. Na je wurin Uwani ina fatan ta ƙi, in huta, in ce ita ce ta hana. Sai ta ɗauko takardun ta ajiye a gabana, ta ce kai ka haife ni Baba, in ka ce in bayar na bayar, amma ka sani duk wanda ya ƙone bayan yau da sunana ya ƙone.

Takardun suna nan kan tabarma ban taɓa ba. In kai wa Alhaji mu ci abinci? In ajiye hular mu rasa gaba ɗaya? Ko in riƙo hannun Uwani ranar da masu dubawa za su zo, in ce musu ga mai karatun, ni mai tsawa ne kawai, abin da zai faru ya faru? Masu ilimin wannan aiki ku faɗa min, in na yi haka ita za ta samu aikin, ko ni da Alhaji za a kama?