Uwa Ta Ƙi Amsa Shi

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Makarfi. Na iso bayan la'asar. Umma ta dubi jakata, ta dubi direba, ta ce, "An iso?" Ni ba ta dube ni ba. Komai na nan yadda na bar shi ke nan.

Abin da ya kawo ni: mutanenmu arba'in da ɗaya na tsare a sansanin baƙin haure a waccan ƙasar ta bakin teku, wadda a takardun ofis muke kira "abokiyar hulɗa". Jirgin da zai kwaso su ran sha takwas ga wata zai tashi. Ba mai hawa sai wanda aka tabbatar ɗan Najeriya ne, tun da fasfo dai hamada ta cinye. Hanyar tabbatarwar na cikin Sashe na Huɗu na yarjejeniyarmu da su: uwa ko uba su dubi hoto, su faɗi sunan ɗansu da bakinsu, a ɗauka a bidiyo. Ni na rubuta sashen, shekara biyu ke nan. Har tafi aka yi mini a otal.

Bakwai daga cikinsu 'yan Ikara da Makarfi da Kudan ne. Shida sun tsallake. Na bakwai, Zailani Muttaka na ƙauyen Taba, abokin aikina Bashir ya je gidansu ya dawo ya rubuta: "Uba ya rasu. Uwa ta ƙi amsa shi." An turo ni in sa hannu a rufe fayil, wai tun da yankinmu ne. In na rufe, Zailani ba namu ba ne, ya ci gaba da zama inda yake sai yadda hali ya yi.

Talata, 8 ga Oktoba

Wuni guda a Ikara ina jiran hatimi ɗaya. Mai hatimin ya tafi ta'aziyya. Don in rage zaman na buɗe bidiyon da Bashir ya ɗauko.

Daƙiƙa arba'in ne. Tsohuwa a kan tabarma, an miƙa mata hoto. Ta kalla sau ɗaya, ta kau da kai, ta ja mayafi ta rufe baki. Bashir na ta faɗin, "Mama, wane ne wannan? Faɗi sunansa." Ta ce, "Ni ina na san shi." A bayanta mata na ƙunshe dariya.

Dariyar ce ta gaya mini. Ɗan fari ne. Kunya ce kawai: ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ta san da shi a gaban mutane.

Bashir a barikin Fatakwal ya tashi, Hausarsa ta sayen tsire ce, ban ga laifinsa ba. Ni fa? 'Yar fari ce ni. Shekarata talatin da shida ban taɓa jin "Farida" daga bakin Umma ba. Amma na zauna a ɗaki mai sanyi na rubuta dokar da uwata ma ba za ta tsallake ba. Ga ni da digiri biyu.

Laraba, 9 ga Oktoba

Taba. Rake ya rufe hanya dama da hagu, mota na lallaɓawa cikin taɓo.

Uwar Zailani, sunanta Inna Indo. Gaisuwa ta kai mu har kan kakata, ashe ta san ta. Ƙanwar Zailani, Hafiza, ita ke magana: "Hajiya, wallahi ko a mafarki Inna ba ta kiran sunan Yaya. Ni in faɗa miki mana. Zailani, Zailani, sau nawa kike so?" Na ce doka ba ta karɓar ƙanwa. Ta ce don me. Ban gaya mata ba. A wurin taron yarjejeniyar, mutanen can sun ce ana iya hayar ƙanwa a kasuwa, ni kuma na ce to a tsaya kan iyaye, domin a wurinmu uwa ba ta musun ɗanta. Na tuna wani ya rubuta maganar a littafinsa.

Inna Indo ba ta kalli hoton ba, amma ta ce, "Wancan ɗin, ya rame." Ta ce akwai tabon adda a ƙwaurinsa na hagu, wurin yankan rake ya samu. Ba ya cin yaji. In yana ƙarya kunnensa yake sosawa. Ta lissafa shi kaf, daga kai har ƙafa, ban da kalma ɗayar da nake nema.

Na yi mata bayani dalla-dalla. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "'Yar nan, ita gwamnatin ba ta da ɗan fari ne?"

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na kira Daraktanmu. Na ce ranka ya daɗe, a karɓi shaidar ƙanwa da ta mai unguwa, sau ɗaya tak. Ya ce, "Farida, ke fa kika rubuta. Wata takwas muka yi kafin su sa hannu. In muka taɓa layi ɗaya, su taɓa goma, jirgin ma a fasa." Gaskiya ya faɗa, abin haushin ke nan. Za a rufe jerin sunaye ran Litinin da azahar.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Ruwa tun safe.

Umma na tsintar wake a rumfa. Ranar da na gama jami'a, abin da na ji ta ce wa maƙwabta shi ne, "Waccan ta gama." Na riƙe wannan shekara goma sha huɗu, kamar wata shaida a kotu.

Na ba ta labarin Taba, a matsayin labarin aiki. Sannan na ce, "Umma, da ni ce a can, za ki faɗa?" Ta ce, "Allah ya sawwaƙe. Ana irin wannan tambayar?" Ta ci gaba da tsinta. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Kun tara mata jama'a ne. A fitar da kowa. Kuma kada a kalle ta."

Shekara biyu na taro da ƙwararru, ba wanda ya faɗi haka.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na koma Taba. Hafiza ta kwashe matan gidan zuwa maƙwabta. Daga ni sai Inna Indo a ɗakinta. Na jingina waya a jikin langa, na juya na fuskanci bango kamar wadda aka hukunta a makaranta.

Kaza na tono a bakin ƙofa. Sai na ji ta faɗa.

Na duba: ta rufe fuska da mayafi. Doka ta ce fuska ta fito. Na ce, "Inna, a yi haƙuri, a sake." Ta sake. Wannan karon murya ba ta fito ba. Na ce a sake.

Sau uku na sa ta. A na uku ta ɗaga kai ta dubi wayar, ta ce, "Zailani. Nawa ne. Ni na haife shi." Ƙarin ba ya cikin doka, ita ta sa abinta. Yadda ta faɗi sunan, a hankali, kamar mai ɗaukar ƙwai da hannu ɗaya. Shekara talatin da ɗaya yana bakinta bai fito ba.

Da na juyo ta riga ta koma yadda take. Ta ce, "Kin samu abin da kika zo nema?" Na ce na samu. Ta ce, "To kada wancan ɗin ya gani."

Ban ci abinci ba yau.

Litinin, 14 ga Oktoba

Mutanen can sun karɓa. Amsarsu layi ɗaya: an tabbatar.

Darakta ya ji daɗi. Yana so a nuna bidiyon a taron wata mai zuwa, wai a ga yadda Sashe na Huɗu ke haɗa uwa da ɗa. Na ce zan duba.

Laraba, 16 ga Oktoba

Da ban buɗe ba. Na sa an turo mini duk fayilolin da aka rufe tun da aka fara aiki da sashen, daga kowace jiha. Waɗanda aka rubuta wa "uwa ta ƙi amsa shi" ko makamancinsa: sittin da uku. Takardarmu ba ta da gurbin tambayar ko mutum ɗan fari ne. Ni na zana takardar.

Ban san nawa ne a cikinsu ba. Ban san ina suke ba yanzu.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Jirgi ya sauka, arba'in da ɗaya cif. Hafiza ta kira tana ihu. Ta ce da aka gaya wa Inna, cewa ta yi, "To," ta tashi ta ɗora tukunya. Miya ba yaji.

Na gaya wa Darakta tsohuwar ba ta yarda a nuna ba, ni ma ban yarda ba. Ya yi shiru irin wanda ake tunawa lokacin ƙarin girma. Na rubuta takardar neman gyara sashen da sake buɗe sittin da ukun. Shafi ɗaya da rabi. Ba na zaton za ta wuce tebur na biyu. Na dai aika.

Na baro Makarfi da hantsi. Umma ta sa an cusa mazarƙwaila a bayan mota, ta ce wa direba ya tafi a hankali. Ni ba ta ce mini komai ba.

Mun wuce Zariya waya ta yi ƙara. Umma ce. "Ke. An kai ina?"

Na ce, "Na'am, Umma," kamar wadda aka kira da sunanta.

Ba amsar tambayar da ta yi ke nan ba. Ban san me ya sa na amsa haka ba. Gajiya ce.