Ramin da Muka Gina da Baba

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Na ji maganarki ta ɗauke Baba ya koma wajenki, kuma ban ce a'a ba. Mantuwar tasa ta yi nisa. Yanzu "bawan Allah" yake kirana, ni da ya koya wa riƙon cokalin gini. Wuni yake a kujera yana kallon bango, abinci ma sai da lallashi. Wallahi abin yana ci mini rai.

Ki ɗan saurara mini dai. Magudanar tsakar gida ta toshe, wari ya hana kowa sakat. Zan gina ƙaramin rami mai murfi a mahaɗar bututun wanka da na wanke-wanke, don in ta sake toshewa a buɗe a zura sanda, ba sai an fasa daɓe ba. In na gama sai ki zo.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ki zauna ki karanta wannan da kyau.

Na haƙa ramin, na zuba kankare a ƙasa, na fara jera bulo. Ban ankara ba sai ga Baba tsugune a bakin ramin. Ya ɗauki bulo ɗaya, ya tsoma a bokiti, ya miƙo mini. Kin san faɗansa na da, wai busasshen bulo shanye ruwan siminti yake yi. Sunana ya ɓace masa, amma wannan yana nan daram!

Haka muka wuni, yana jiƙawa ina ɗorawa. Duk layin da na gama sai ya bi shi da yatsa, ya ga gaɓa ba ta hau kan gaɓa ba. Da na zo shafen ciki ya karɓe cokalin, ya gyara gangaren ƙasan sumul, wurin da babu mai gani in an rufe. Ranar ya cinye abincinsa tas, har da neman ƙari.

Da simintin ya kama, ya tsinko ganye ya jefa a ramin don gwada gangaren, ya sa na kwarara ruwa, kamar yadda yake yi tun muna yara. Ganyen ya wuce bai tsaya ba. Sai ya dafa kafaɗata, ya ce wanda ya koya mini aikin nan ya iya, in na gan shi in gaishe masa da shi.

Yaya, na shige ɗaki na yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Gidanki bene ne, babu yashi, babu abin da hannunsa zai taɓa ya gane. Don Allah ki bar mini shi. Katangar baya ma ta tsage, na riga na sa a kawo bulo.

Gaisuwar da Baba ya ba ni in kai wa wanda ya koya mini aikin kuwa, na isar masa da ita. Ya amsa, ya ce yana godiya.

Naki,
Auta