Na wuce surukina a guje

Assalamu alaikum Hajiya Ummukulsum. Don Allah ki agaza mini, na yi abin kunya da ƙafafuna.

Ni tela ne a kasuwar Bodinga, shekarata arba'in da bakwai. Bara likita ya ce jinina ya hau, zaman keken ɗinki ya yi yawa, in riƙa motsa jiki. Na fara da tafiya, na koma sassarfa, yau ga ni kullum bayan asuba ina gudu. Har littafi na saya irin na 'yan makaranta, ina rubuta inda na kai, minti nawa, da abin da gwiwa ta ce. Wata rana nakan je wajen Shagari in hau tudun marmara in sauko. Masu kabu-kabu kan tsaya su tambaye ni ko lafiya, wasu su ce in hau kyauta. Ban damu ba, tumbi ya tafi, jini ya sauka.

To, na ba da sunana a gudun yada-ƙanin-wani da za a yi nan da wata biyu, sai na ƙara nisa har Sifawa. Can surukina yake, Alhaji Malami, mahaifin matata Basira. Shekara ashirin ban taɓa gaishe shi a tsaye ba, tun daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa. Ran Talatar makon jiya agogo ya nuna ban taɓa sauri irin na ranar ba. Sai ga Alhaji bisa buzu a ƙofar gida, shi da abokansa biyu. Ni kuwa gajeren wando, ba hula, ga takalmi mai igiya wanda kwance shi kaɗai aiki ne. Hajiya, shaiɗan ya ce wuce. Na ɗaga masa hannu kamar direban tirela, na wuce.

Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Saƙo ya aiko ta bakin ƙanwar Basira, wai ya ga wucewata, yana fatan abin da ya koro ni bai cim mini ba. Kwana tara ke nan Basira tana aje mini tuwo ba magana, sau ɗaya ta buɗe baki ta ce takalmin nan rijiya za shi. Na maida guduna hanyar Danchadi, amma an ce kullum da safe tsohon na fitowa da buzunsa yana duban hanya. Tsoron zuwa nake. Mutumin nan ɗana yake ce mini, ba na son in rasa wannan, kuma ba na son jinin ya dawo. In faɗi gaskiya, mintocin da na yi ranar na rubuta su a littafin, nakan duba in ji daɗi, sannan kunya ta rufe ni. Shin in bar gudun ne?

Tela mai gudu, Bodinga

Wa alaikumus salam. Malam tela, sannu da gudu, ka ga inda sauri ya haifi nawa. Minti biyu ka yi wa rowa, ga shi ka biya da kwana tara.

Kar ka bar gudun. Lafiyarka amana ce, ita ma Basira in ta huce ta fi son miji mai gajeren wando a kan miji kwance a asibiti. Amma tana da gaskiya. Gaban abokansa ka yi wa mahaifinta gaisuwar tasha, ita kuma za a riƙa yi wa tsiya a gidan suna.

Gobe ka sa babbar riga da hula, ka sayi goro, ka hau kabu-kabu kamar kowa. Ka je lokacin da abokan nan biyu suke zaune, don inda aka yi ɓari, nan ake kwashewa. Ka durƙusa ka ba da haƙuri, ka gaya masa maganar likita, wataƙila ma bai sani ba. Kar ka ambaci agogo. Sannan ai kai tela ne, ɗinka wa kanka dogon wando mara nauyi, ka sassauta igiyar takalmi. Ka maida ƙofar Alhaji wurin juyawarka: ka iso, ka tuɓe, ka gaida shi, ka sha ruwa, ka koma. Masu gudu ma suna hutawa.

Game da fitowarsa da buzu, ni ban ga fushi a ciki ba. Wanda ya yi fushi cikin gida yake zama. Tsoho ne ya gano ashe surukinsa na iya zuwa Sifawa da ƙafa kowace safiya, yana jira ya ga ko za a tsaya masa. Ka tsaya. Agogonka ba ya sa albarka, Alhaji yana sawa.

Allah ya ƙara lafiya, ya sanyaya zuciyar Basira, ya sa ka gama tseren da ƙafarka ko da kai ne na ƙarshe.

Hajiya Ummukulsum