Injin da Ban Saya Ba

Talata, 4 ga Maris

Na yi ta tunani tun rana, na gano ba yau abin ya faru ba. Wata Asabar ce cikin Nuwamba. Na je maɗaba'ar Yaya karɓar sababbin littattafai kamar yadda na saba, na zauna a kan damin takardu ina karanta wani, na zo daidai inda yarinyar labarin ta tsinci wata wasiƙa. Sai ya miƙo min takarda da biro. "Auta, sa min hannu a nan, na inshora ne." Wuri uku na sa. A kan bangon littafin ma na ɗora takardar don biron ya kama, na miƙa masa, na koma wajen yarinyar da wasiƙarta.

Yau mijina ya dawo da kwafin takardar. Ko takalmi bai cire ba ya shimfiɗa ta a kan teburin cin abinci.

"Wannan hannunki ne?"

Na ce nawa ne. Ya ce in karanta. Takardar ta ce wai na sayi babban injin buga littattafai na Yaya, na biya kuɗinsa lakadan.

Laraba, 5 ga Maris

Da za a yi aurenmu na cika ƙawayena da cewa lauya zan aura. A raina irin na littafi ne, mai tsayawa gaban alƙali ya yi magana ɗaya kotu ta yi tsit. Nawa lauyan karayar arziki ne. Shekara tara ke nan, in kamfani ya durƙushe kotu ta naɗa ofishinsu su tattara abin da ya rage, su yi gwanjo, su raba wa masu bin bashi. Kayan aikinsa kwaɗon kulle ƙofa da sarƙa da ƴan takardun lamba masu mannewa. A bayan motarsa suke kwana.

Cikin Janairu kotu ta ba ofishinsu maɗaba'ar Yaya. A ranar ya shaida wa shugabansu cewa surukinsa ne, aka cire shi daga fayil ɗin aka ba wata lauya. Ita ce ta tsinci takardata.

Da safe ya ce, "Sayar wa ɗan'uwa kadara ana dab da faɗuwa, shi ne abu na farko da nake koya wa sababbin lauyoyi su nema. Duk wanda ya ga sunanki zai ce ni na tsara muku."

Na tambaye shi me zai faru. Ya ce in aka yarda da haka, lasisinsa ya tafi.

Asabar, 8 ga Maris

Na sami Yaya a tsakar ɗaki ya warware fanka yana gyara. Ya rame. Anti, matarsa, ta kawo min ruwa ta fita ba ta zauna ba.

Bai musa ba, bai ma ba ni haƙuri ba. Ya ce su kwashe kujeru da kwamfutoci da injin yanka, duk ya yafe, amma in babban ya tsira, cikin shekara biyu zai miƙe ya biya kowa. "Ki ce gwal ɗinki kika sayar. Wa zai buɗe akwatinki?"

Na ce to mijina fa?

Ya yi dariya. "Mai kwaɗo? Ai shi malamin abin ne, ya san ta inda ake fita."

Na so in yi fushi, sai idona ya sauka a kan yatsunsa. Har yanzu baƙin tawada na ƙarƙashin farcensa, wata biyu da rufe wurin. Tun ina firamare shi yake kawo min littattafan da suka lalace a bugu, wani shafi a juye, wani babu ƙarshe. Da su na koyi karatu.

Lahadi, 9 ga Maris

Mama ta kira. "Bayan rasuwar babanku wa ya biya miki makaranta?" Ba ta jira amsa ba ta shiga tambayar ko ina shan maganina.

Talata, 11 ga Maris

Ofishinsu sun dakatar da mijina daga duk fayilolinsa har sai an gama bincike. Ya dawo ƙarfe sha ɗaya na safe da kwali ɗaya, kofin shayinsa a sama.

Na zauna kusa da shi na ce ya gaya min abin da zan yi. Ya ce ba zai iya ba. Ni shaida ce yanzu, in ya ba ni shawara ya zama mai tsara shaida. Na ce ni matarka ce. Ya ce ya sani, shi ya sa.

Sai ya ɗauko ƙaramin littafi daga aljihu, ya dubi agogo, ya yi rubutu. Na leƙa. Ya rubuta kwanan wata da lokaci, da cewa na ɗago maganar ya ƙi amsawa. Wai don ya kare mu duka.

A cikin labaran da nake karantawa, a irin wannan wurin ne namijin yake kama hannunta. Ban san me ya sa nake rubuta wannan ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Lauyar da ke riƙe da fayil ɗin ta kira ni maɗaba'a in nuna "kayana". Ita ta buɗe kwaɗon. Ciki warin tawada da ƙura, ba motsin komai. Ban taɓa jin wurin nan shiru ba. Kowane abu da lambarsa a manne, har butar shayi, har agogon bango da ya tsaya. Babban injin ne kaɗai babu lamba, yana tsakiyar ɗaki an lulluɓe shi da leda.

Mace ce mai sanyin murya, ba ta tsorata ni ba. Ta tambaye ni launi nawa yake bugawa, na faɗa. Shekararsa nawa, na faɗa. Na ma nuna mata gefen da yake cin takarda in an cika masa gudu. Ta ce lallai na san shi. Sai ta ce, "Kuɗin fa, daga wane asusu suka fito?"

Na dubi ledar da ke kan injin. Ta rufe fayil ɗin ta ce kada in amsa yanzu. Laraba mai zuwa ƙarfe tara zan ba da bayani a kan rantsuwa, kuma in sani ƙarya a kan rantsuwa laifi ne mai zaman kansa.

Da muka fito, tsohon da ke ɗinke littattafai yana zaune a bakin ƙofa kan bulo. Shekara ashirin da biyu yana wa Yaya aiki, albashin wata huɗu bai gani ba, kuma ba inda za a samo shi sai a gwanjon. Kullum yana zuwa ya zauna, wai ƙafarsa ce ta saba da hanyar. Shi ya riƙa manne min littattafaina in sun yage.

Ya ce, "Auta, ashe kin zama mai inji. Allah ya sanya alheri. In za ki ɗauki ma'aikata ki tuna da ni."

Ba da ɗaci ya faɗa ba. Da ma da ɗacin ne.

Juma'a, 14 ga Maris

Na buɗe littafi, shafi ɗaya na maimaita sau huɗu.

Lahadi, 16 ga Maris

Anti ta zo ita kaɗai. Ta ce in na faɗi gaskiya ba injin kawai zai tafi ba, za a iya gurfanar da Yaya kan ɓoye kadara. Yara uku. Ta ce ba roƙona ta zo yi ba, so take in san abin da ke hannuna. Ta ƙi shan shayin.

Tana fita mijina ya fito daga ɗaki ya tambaye ni ƙarfe nawa ta zo. Ya rubuta.

Na ce masa, "Ka taɓa tunanin inda mutanen nan suke zuwa bayan ka sa kwaɗo?" Ya ce a shekararsa ta farko ya yi, har ya daina cin abinci. Daga baya ya lura in bai sa kwaɗon ba, mai ƙarfi ne yake zuwa da mota ya kwashe, ƙananan su tashi a banza. Gaskiya ya faɗa. Na tsani yadda ya faɗe ta yana gyara zaman tabarau.

Litinin, 17 ga Maris

Yaya ya turo saƙo: "Autata." Shi ke nan. Ban amsa ba.

Talata, 18 ga Maris

Na yi wanki, na goge kayan da zan sa, na share ƙarƙashin gado. Lafiyata lau.

Da rana mijina ya tsaya a ƙofar kicin ya ce zai kai ni gobe, zai jira a mota ba zai shiga ba. Na ga yana so ya tambaye ni, na ga ya haɗiye. Na ce ya bar shi, zan hau tasi. Ya ce me ya sa. Na ce haka nan. Ba fushi nake ba, ina ganin ba fushi ba ne. Kawai ba na son in fito daga ɗakin nan in tarar da fuskar kowa, tasa ko ta Yaya, tana jiran abin da na yi mata.

Ban kira Mama ba. Za ta ji daga bakin wani.

Gobe ƙarfe tara zan gaya musu ban sayi injin ba.