Garmar Kara: Abin da Na Bar Muku da Abin da Za Ku Binne

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ni ne Sabitu mai gangar noma, haifaffen Zungur, mazaunin Tirwun. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi ya fara yi mini rowa, amma hankalina yana nan daram, kuma ba wanda ya tsaya a kaina ya ce in rubuta. Takardar nan taku ce ku 'ya'yana uku: babbanku, da Sauda, da Bashir.

1. Gidan Tirwun da gonar Zungur, malamai su raba muku yadda shari'a ta tsara. Ban sa baki ba, ku ma kada ku sa.

2. Ganga da littattafan waƙa guda huɗu na riga na ba Bashir kyauta da raina, a gaban liman. Sauda, kada ranki ya sosu. Ke kika gaji muryata, shi ya gaji rigimata, kuma mai rigima ne ke bukatar abin da zai riƙe hannunsa.

3. Bashir, tunda ka ce sai waƙa, ga abin da shekara arba'in ta koya mini game da kamanta abu da abu. Ka ɗauko misalinka daga abin da mai sauraro ya taɓa riƙewa da hannunsa. Na ji wadda ka rera a situdiyo, inda yarinya ɗaya ta zama wata, ta zama tauraro, ta zama zinariya, duk a baiti guda. Wa ya taɓa riƙe tauraro? Da ka ce ita ce randar da ke inuwa ranar da aka dawo daga gona, da kowane manomi ya haɗiyi yawu. Misali ɗaya ya ishi baiti. In ka ajiye shi, ka wuce, kada ka tsaya fassara. Misalin da sai an yi masa bayani ɗanye ne bai nuna ba, ka mayar da shi ka jira.

4. Sai dai ka sani, misalin da ya zauna daidai ba ya tashi. Wannan ban koye shi da arha ba, kuma ba ni na biya ba.

Ku biyu ƙanana ba ku yi wayo ba lokacin. An yi gayya a Zungur, samari sun fi talatin suna huɗa, ni ina bayansu da ganga. Al'adar ita ce wanda ya yi gaba a yi masa kirari, wanda ya rage a baya a yi masa zambo har ya ji haushi ya zabura. Ranar nan wanda ya rage a baya yayanku ne, yana da shekara goma sha shida. Ya huɗa kaɗan ya tsaya yana haki. Na ga dattawa suna kallona, suna jiran su ga ko Sabitu zai tsallake ɗansa. Tsoron a ce na yi son kai ya sa na matsa masa fiye da kowa. Na tuna irin garmar da yara ke yi da karan dawa, na buga ganga na ce:

Garmar kara, a rataya ki a kafaɗa,
Ƙasa ba ta san ki ba.

Gona ta ɗauka da shewa. Wallahi na ji daɗi, don na san na dace da baiti. Shi kuwa bai zabura ba. Ya ajiye garmarsa ya zauna a gindin ɗorawa, ni kuma na ƙara masa baiti biyu.

Bayan shekara uku likita ya gaya mana zuciyarsa ce ba ta da ƙarfi, da haka aka haife shi. Kafin nan waƙar ta shiga kaset, sunan ya bi shi makaranta, ya bi shi kasuwa. Da ya nemi aure a garinmu, uban yarinyar ya aiko cewa garmar kara ba ta ciyar da gida. Ya tattara ya koma Gwallameji ya koyi ɗinki. Yau shekara ashirin da biyu yana zuwa gaishe ni da Sallah, ya durƙusa, ya tashi, ko ruwa ba ya sha. Bara na ji an kira 'yarsa 'yar Garmar Kara a gidan biki, yarinyar da ba ta taɓa ganin gonar ba. Na yi nadama, kuma na daɗe da yin ta. Girman kai ne ya hana ni buɗe baki.

5. Saboda haka, Bashir, na san ka yi magana da masu situdiyo za ka sabunta waƙar, na kuma san ita ce aka fi sanina da ita. Ban yarda ba. Tana littafi na biyu. Ka yage shafin a gaban yayanka ka ƙone. Wadda ke cikin wayoyin mutane ta fi ƙarfinmu, amma kada ta sake fitowa daga bakin ɗan gidana. In an roƙe ka a wurin biki, ka ce mai ita ya hana. Nan gaba, kafin ka ɗora wa mutum misali, ka tambayi kanka ko zai iya ɗaukarsa shekara ashirin, shi da 'ya'yansa.

6. Sauda, na sha jin ki kina kiransa da sunan nan cikin wasa, yana murmushi. Ba daɗi yake ji ba. Ki daina daga yau, ki kuma je da ƙafarki ki kai masa takardar nan. Kada ki aika.

7. Kai kuma babba. Kai ne ɗan fari, alkunya ta hana ni ambaton sunanka tun ranar da aka raɗa maka shi. Kullum sai dai in ce yaron nan, ko wancan. Ashe a duk rayuwarka suna ɗaya ka taɓa ji daga bakina a gaban jama'a, shi ne wanda na ƙaga maka a gona. Na kiyaye al'ada a inda ba ta amfane ka ba, na kuma kiyaye ta a inda ta cuce ka. Ba rago ba ne kai, ba ka taɓa zama rago ba. Ni na zalunce ka. Ban ce dole ka yafe ba, haƙƙinka ne. Amma in ka iya, ina so kai ka shiga kabari ka karɓe ni.

Ku riƙe juna. Ku ci abincin Sallah a kwano ɗaya, ko a Tirwun ko a Gwallameji, duk inda yayanku ya zaɓa. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku 'ya'ya masu jinƙanku, Ya tsare harsunanku fiye da yadda na tsare nawa. Allah Ya yi maka albarka, Bashir. Allah Ya yi miki albarka, Sauda.

Allah Ya yi maka albarka, Abdulrauf. Ka yafe mini, Abdulrauf.

Mahaifinku,
Sabitu