Kallabin Inna da Injin Baba

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, Allah Ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan kowa lafiya. Ƙafar Gwaggo ta yi sauƙi har ta koma faɗa da kaji, Baba kuma yana nan yadda ka san shi, in ban da kafaɗar da ke damunsa.

Saƙonka ya iso, inda ka ce a sayar da injin kwalekwalen, Baba ya haƙura da ruwa. Ban ga laifinka ba, don ni ma ranar da injin ya mutu masa a tsakiyar kogi, ya dawo yana tura jirgin da sanda yana haki, sai da na yi kuka. Na dai karanta masa saƙon. Ya ture kwanon abinci, ya je ya zauna a zaure kusa da injin kamar mai jinya. Shi ya sa na roƙe shi mu kai wa bakanike kafin a yanke magana.

Ciwon injin dai ɗaya ne: a ja igiya har hannu ya mutu, inji ya ƙi tashi, warin fetur ya cika wuri, mai yana ɗiga daga kafireta, wato inda mai ke gauraya da iska. Bakaniken ya kwance fulogi, ya nuna mana shi jiƙe sharkaf, ya ce mai ne ya yi wa injin yawa har ya shaƙe. Ya busar da fulogin, ya rufe mai, ya buɗe totur duka ya ja, injin ya yi tari ya tashi, amma da aka buɗe mai sai ɗigar ta dawo. Ya ce to matsalar tana ciki. Ni na riƙe masa faranti yana zuba ƙananan kusoshi. A ƙasan kafireta akwai ɗan kofi, a ciki da wani ɗan tulu mai iyo, wanda in mai ya cika yake tura allura ta toshe hanya. Ya girgiza ɗan tulun a kunnensa, ya ce bai huje ba. Da ya zaro allurar kuwa, sai ga zare ja siriri ya naɗe bakinta, shi ya hana ta rufewa.

Ina ganin zaren na gane shi. Ka tuna jan kallabin Inna, Allah Ya jiƙanta? Ashe tun da matacin injin ya yage, da shi Baba yake tace fetur a bakin mazurari, don ita ta ba shi da hannunta. Kallabin ya tsufa ya fara sakin zare. Bakaniken ya wanke allurar, ya hura hanyar, ya sa sabon mataci, ya ce injin nan ba abin da ya same shi, sai dai a raba shi da tsumman nan. Baba ya gyara masa magana, ya ce ba tsumma ba ne.

Yanzu ja ɗaya injin yake tashi, kafaɗar ma ta samu hutu. Kallabin kuma Baba ya wanke shi da kansa, ya ɗaura a jikin hannun tuƙi, daidai inda yake riƙewa. Don haka, Yaya, ina roƙonka ka janye maganar sayarwa. Da ka ga yadda ya dafa kallabin nan ya juya jirgin safiyar jiya, da kai ma ba za ka iya ba.

Ka gaishe da matarka da Auta da mai sunan Inna. Gwaggo tana gaisuwa, Baba ya sa albarka, ya ce in ka zo shi zai ƙetarar da kai.

Taka har kullum,
Ƙanwarka